Wankan Ganin Ido a Mayanka

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, mahauci ne, wuƙarsa ba ta kwana a kube. A mayankarsu doka ce a wanke bijimi tas kafin a kayar da shi, a goge kashin da ya bushe masa a ciki da cinyoyi, a bari ya tsane. Dalili kuwa, wuƙar fiɗa ta fata take bi kafin ta kai ga tsoka, duk abin da ta kwaso cikin nama take kai shi.

Shi wannan mutum ya ga wahalar ta yi yawa. Sai ya riƙa watsa wa bijimi bokitin ruwa a gadon baya, don malamin tsafta mai duba dabbobi ya ga fata a jiƙe ya wuce. Ruwan ya gangara, ya jiƙa kashin, ƙazanta ta koma tsiyaya. Wallahi gara ma a ce bai taɓa ba. Ya san haka sarai, shi ya sa naman teburinsa ba ya shiga tukunyar gidansa.

Wata safiya malamin tsaftar na tsaye a gabansa, masu saye sun yi cincirindo, sai ga surukinsa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, mai jego ce ba ta iya cin komai, nama kawai take marmari. Na ce ina zan je in ba wurinka ba?"

'Yarsa ce fa, ba ta daɗe da haihuwa ba, jikinta bai yi ƙwari ba. Me ya hana shi ya ce kada a ɗauki wannan? Kunyar idon mutane, da tsoron asirinsa ya tonu. Ya yanka da hannunsa, ya ƙunshe, ya ce, "A dai dafa sosai."

Amai da gudawa suka kama ta. Wasu da suka ci sun sha jinya sun tashi, ita ba ta tashi ba. Aka bi sawun naman, aka rufe teburinsa, amma wannan ƙaramin abu ne. Surukin ya zo ya tsaya a ƙofar gida da jaririya a kafaɗa, ya tambaye shi, "Baba, ka sani?" Har mahaucin ya mutu ba a sake kawo masa jikar nan ba.

Ya 'yan uwa, aikin ganin ido ha'inci ne, kuma duk wanda ya ci daga hannunka amana ce a wuyanka. Allah ya tsarkake hannuwanmu, ya kiyaye mu da zama sanadin kukan namu.