Ranar da Aka Sallama wa Dabara Gida

Jama'ar wannan shafi, ku zo ku ji zalunci. Ni da nake yi muku hidima safe da yamma, yau ba ni da sauran mutunci a layinmu. Mai aski ya daina miƙe mini. Mai wanki in ya hango ni sai ya toshe baki da rigar mutane. Ko a gida na ce a ba ni ruwa, sai uwar 'ya'yana ta miƙo kofi ta ce, "An sallama." Tun da aka kafa duniya ba a taɓa yi wa bawan Allah irin wannan ba. Ku karanta ku yi hukunci.

Akwai wani tela mai sanyin hali, yana zaune da iyalinsa da mahaifiyarsa a gidan da ya gina da guminsa. Bene ne, shago a ƙasa, falo da ɗakuna duk a sama. Da gwiwar Inna ta fara ciwo, sai matattakalar nan ta zame mata kurkuku. In za a je asibiti sai tela ya goya ta, yana haki tana ba shi haƙuri.

Sai ga wani gidan ƙasa dab da asibitin, har da bishiya a tsakar gida. Mai shi ya ce zai jira tela zuwa ƙarshen wata, in ya wuce zai ba wani. Ke nan dole a sayar da bene kafin wata ya mutu.

Tela ya fara da masu sayen gida kuɗi hannu. Ɗaya ya zo, ko gilashin motarsa bai gama saukewa ba ya yi tayi, ya ce gobe-gobe zai biya. Sauri kam akwai, amma tayin ko gidan ƙasan ba zai saya ba.

Sai ya ce bari ya sayar da kansa, ya huta da biyan la'ada. Ya ɗauki hotuna ya watsa a waya. Wani ya kira yana neman haya. Wasu suka zo gayya guda, suka sha ruwan sanyi, suka yaba fenti, suka tafi. Wata ta ce ita labulen falon kawai take so. Ɗinkin mutane ya tsaya cak.

Daga nan ya nemi dillali, wani dattijo mai tafiya kamar ba ya son isa. Dillali ya ce shi ba ya alkawarin gobe, kuma la'adarsa ba ragi, amma wanda zai kawo mai saye ne, ba ɗan kallo ba. Haka kuwa aka yi. Ya kawo wata malamar makaranta da ta yi ritaya, tana son shagon ƙasa saboda ɗanta. Tayinta ya ishi gidan ƙasa har da saura. Aka sa ranar ƙarasa magana.

Da a nan aka tsaya, da kowa ya huta.

Amma tela yana da amini, ana ce masa Dabara. Dole in faɗi gaskiya a kan mutumin nan. Dogo ne, mai kwarjini, furfura ta taɓa gemunsa daidai inda ya kamata. In ya sa babbar riga har masu mota rage gudu suke. Basira kuwa ba a magana.

Dabara ya ce akwai hanya ta huɗu wadda ba kowa ya sani ba. Zai zo a matsayin wani mai saye, ya ƙara tayi sau ɗaya ko biyu, Malama ta ji tsoro ta ƙara, shi kuma ya janye. Kada ma a gaya wa dillali, don abin ya fito kamar gaske. Tela ya ce shi fa gabansa faɗuwa yake, tayin Malama ya ishe shi. Bai dai ce a'a da ƙarfi ba, Dabara kuwa ya ɗauki wannan a matsayin izini.

Ranar ta zo. Malama na zaune da jakarta a cinya, Inna na gefe ta miƙe ƙafa a kan matashi. Sai ƙamshin turare ya hawo bene, Dabara na biye da shi, yana juya makullin motar aro a yatsa.

Ya ƙara tayi. Malama ta ƙara. Tela ya ƙyafta masa ido, wato ya isa haka.

To, a nan ne aka samu matsala. Dillali ya kakkaɓe kujera, ya ce masa ranka ya daɗe, ya ce shi tun daga takun mutum yake gane manya. Maganar nan ta shiga kan Dabara ta zauna. Ya sake ƙarawa. Malama ta ɗan ɗora. Tela ya taka masa ƙafa.

Dabara ya gyara riga ya ce, "Na ɗora kuɗin sabuwar mota a kai. Ƙananan maganganun nan ciwon kai suke sa ni."

Malama ta zuge jakarta ta miƙe. "Allah ya sanya alheri, ɗan'uwa. Ni iya ƙarfina ke nan."

Dillali, wanda dama tela ya ba shi wuƙa da nama, ya cafke hannun Dabara ya haɗa da na tela. "An sallama!"

A aljihun Dabara kuwa babu komai sai matajin gemu. Da dillali ya tambayi yaushe za a je banki, sai ya ce manajansa ya yi tafiya.

Inna ta leƙo fuskarsa. "Kai Dabara, yaushe ka yi manaja? Ba kai ka ari dutsen gugarmu har yau shiru ba?"

Dillali ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya sauka abinsa. Malama ta riga ta tafi. Wata ya kusa ƙarewa, mai gidan ƙasa ya fara kira. Mai kuɗi hannun nan da ya ji labari, sai ya ƙara rage tayinsa.

Tela bai nemi wata dabara ba. Ya je ya ba dillali haƙuri, suka tafi tare wurin Malama, ya zayyana mata komai, har da nasa shirun. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce za ta saya, amma a tayinta na farko, ba wanda aka tunzura ta ba. Kuma da sharaɗi: ranar tashi, babban mutumin nan ne zai goyo Inna ya sauko da ita, cikin babbar rigar tasa.

Layi ya cika maƙil. Dabara na saukowa yana nishi, Inna a bayansa tana cewa, "A hankali, ranka ya daɗe, kada manaja ya ji." Yana dire ta a mota dillali ya ce, "An sallama." Layi ya ɗauka.

Yanzu Inna tana shan inuwa a tsakar gidanta, asibiti kuwa da sandarta take zuwa.

Na san za ku ce me ya haɗa ni da wannan labari. To, babbar rigar tana wurin telan, kafaɗarta ta yage. Bayana har yau man zafi nake shafa masa. Ni ne Dabara, kuma ba wanda ya aike ni. Dutsen gugar ma na mayar.

Darasi: In za ka sayar da gida da sauri, auna hanyoyin da idonka. Mai kuɗi hannu zai ba ka sauri ya rage maka daraja, sayarwa da kanka za ta ci lokacinka, dillali na gari zai ci la'adarsa ya kawo mai saye. Amma hanyar yaudara ita ce mafi tsada, kuma gaskiya ce kaɗai ta dawo da cinikin da wayo ya kora. Ku tura wa duk mai shirin sayar da gida, musamman in yana da amini mai babbar riga.