Ambaliyar Tungar Maje

Ku matso, yau da gardama na zo muku.

A asibitin Tungar Maje da ke bakin gulbi, akwai ma'aikata uku: Barira mai kula da layin intanet, Nafi'u mai kula da bayanan majinyata a kwamfuta, da Lurwanu mai janareta.

Wata hantsi da damina gulbi ya ɓalle. Nafi'u ya ga ruwa zai ci kwamfutar, tare da bayanin jinin kowa da maganin da kowa ke sha. Nan take ya fara tura kwafinsu zuwa ma'ajiya a birni.

To, layin garin siriri ne, kwafin ya cinye shi kaf. A daidai lokacin likita na yi wa wata mai naƙuda tiyata, babban likita daga birni yana nuna masa ta bidiyo. Sai hoto ya daskare, jini kuwa na zuba.

Barira ta iske Nafi'u, ta ce ya tsayar da kwafin. Ya ce in ya tsayar sai an faro daga farko, ruwa kuma ba zai jira ba. Ta dubi ruwan da ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

"Kada ka tsayar," in ji ta. "Bari in rage masa gudu."

Ta ƙayyade wa kwafin ɗan kaso, ta sakar wa likitoci saura. Hoto ya dawo.

Amma abin da ke tafiya a hankali sai ya daɗe, ga ruwa ya kai ga janareta. Lurwanu ya ciccibe shi ya ɗora bisa katanga, ya tokare shi da kafaɗa. Ruwa ya kai masa ƙirji, hayaƙi na ƙona masa wuya, bai gusa ba har aka ɗinke matar, kwafi ya kammala.

Uwa da jariri suka rayu. Kwamfutar ta nutse, amma a sansanin da aka kwashe mutane, duk mai hawan jini da mai ciwon sukari ya samu maganinsa daidai, albarkacin kwafin nan.

Da aka sake gina asibitin, dattawa suka ce sabon ɗakin haihuwa sunan mutum ɗaya cikin ukun nan zai ci. Barira dai ta ce babu ruwanta da ko sunan wa aka sa.

To, ku fa, sunan wa za ku sa?