Barau da Motar Robar Bintu

A garin Gaya, a shekarar da aka daina tuƙi ta hannun hagu aka koma dama, akwai wani mai gyaran keke da ake kira Barau. Rumfarsa tana jikin katangar gidansa, ni kuma gidana yana kallon nasa, don haka yawancin abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi. Barau ya iya aikinsa, ba zan ci amanarsa ba. Matsalarsa ɗaya ce: ba ya iya jira, kuma bai taɓa yarda akwai abin da wani ya fi shi sani ba. Ko shayi aka zuba masa, sai ya ƙona harshe sannan ya tuna da hurawa.

A unguwarmu akwai wata dattijuwa, Fanta, wadda mijinta Kashim ya rasu shekara goma da suka wuce. Kashim direban babbar mota ne, ya yi ta jigilar gyaɗa zuwa Kano har ƙarshen rayuwarsa. Abin da ya bar wa 'yarsu Bintu shi ne wata 'yar motar roba mai tsawon tafin hannu biyu, wadda wani dillalin motoci ya ba shi kyauta. Tana da tayoyi masu juyawa, da ƙofofi masu buɗewa, har da 'yar sitiyari. Sai dai tun Bintu tana ƙarama ta sami ragowar koren fentin ƙofa, ta ɗauki gashin kaza ta shafe motar kaf, gilashi da tayoyi har da cikinta na ƙasa. Fentin ya bushe gudaji-gudaji, motar ta koma kamar kwaɗon damina.

Da aka sa ranar auren Bintu da wani direba ɗan Gafasa, sai ta ce abu ɗaya take so: motar babanta ta hau saman jeren kwanukanta, yadda duk wanda ya shiga ɗakin zai san 'yar wa aka kawo. Ranar Litinin Fanta ta naɗo motar a ƙyalle ta zo rumfar Barau.

"Malam Barau, ranar Juma'a za a je jere. Ko wannan fentin zai fita?"

Barau ya juya motar, ya taɓe baki. "Yaya Fanta, ni da nake kankare fentin keke sukutum? Ki dawo bayan la'asar."

"Ba sauri nake yi ba. Ka bi ta a hankali, ita kaɗai ce abin hannun marigayi da ya rage mana."

"Na ce bayan la'asar."

Ya shiga gida da ita. Ya kwance 'yan kusoshin ƙasa, ya cire farantin da tayoyi suke jiki, ya jefar da shi gefen randa, wai wannan ba ya bukatar ƙwararre. Matarsa Hure tana tsakar gida tana tace toka, irin wadda take haɗa sabulu da ita. Ta dubi motar, ta dubi mijinta.

"Malam, da za ka saka ta a ruwan tokar nan. Kwanaki na ga ya ci fentin jikin wani murfin roba, robar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kwana uku kawai zai ɗauka."

Barau ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kwana uku? Mota ce fa, ba miyar kuka ba. Ku mata komai sai kun kai shi madafa. Mota da fetur aka san ta."

Da ya juya baya, sai Hure ta ɗauki farantin nan ta tsoma a kaskon ruwan toka, ta rufe da faifai.

Barau ya fito rumfa ya tsiyayi fetur a gwangwani, ya nutsa motar a ciki. Ya kira ni in zo in ga aiki. Gaskiya da farko na yi mamaki, domin koren fentin ya fara saki yana narkewa. Barau ya dube ni yana murmushi, ya ce in shaida. Amma da ya sa yatsu ya ɗago ta, sai yatsun suka lotsa cikin rufinta kamar ya kama tuwon jiya da aka ɗumama. Ƙofa ɗaya ta langaɓe. Gilashin gaba ya yi fari fat.

Na ce, "Barau, tsaya haka nan. Robar ce fetur ɗin yake ci."

"Ba komai, lanƙwasa ce kawai. Ƙarfen keke ma in ya lanƙwashe, wuta ake nuna masa ya miƙe."

Kafin in buɗe baki, ya kama motar da filaya, tana ɗigar fetur, ya kai ta kan garwashin da yake narka dalma. Wuta ta tashi fuu. Barau ya yi baya ya faɗa kan keken wani malamin makaranta, keken ya ture na kusa da shi, kekuna biyar suka zube a jere. Da hayaƙi ya lafa, gira ɗaya ta tafi, gemunsa ya rage rabi. Abin da ke bakin filayar kuwa wani baƙin dunƙule ne mai wari, kamar ƙosan da aka manta a mai.

Bayan la'asar Fanta ta zo. Hure ta ce mata Malam ba ya jin daɗi. Talata ma haka, Laraba ma haka. Mutumin da bai iya jiran kwana uku ba, sai ga shi ya yi kwana uku cur a ɗaka, yana jiran gira ta tsiro.

Ranar Alhamis Bintu ta zo da kanta tare da uwarta. Babu sauran wurin ɓuya. Barau ya fito ya naɗe fuska da rawani, ya ajiye dunƙulen a gabansu. Bintu ta daɗe tana kallon dunƙulen, sai hawaye. Ni da nake ta dariya tun Litinin, a nan dariyar ta ƙare mini, na ji tausayin yarinyar har cikin raina.

Sai Hure ta fito da kaskonta, ta buɗe ta ciro farantin. Ta ɗauki tsohon asawaki ta goga a hankali. Koren fentin ya saɓule kamar ɓawon dafaffen wake, tayoyi huɗu suka fito baƙaƙe wul, suna juyawa. A tsakiyar farantin kuma ga wani rubutun ajami da aka yi da tsinin allura, wanda fenti ya rufe shekara da shekaru. Fanta ta kai shi kusa da idonta.

"Hannun babanki ne," in ji ta. "Sunanki ya rubuta, da ranar da aka haife ki."

Bintu ta karɓa ta rungume a ƙirji. Sannan ta dubi Barau. "Baba Barau, da ka ba Inna Hure duka, da yanzu ina da mota."

Ranar Juma'a aka kai jere Gafasa. A saman kwanukan aka ɗora faranti mai taya huɗu, ba rufi ba ƙofa. Duk matar da ta tambayi ina sauran motar, sai a ba ta labari daga farko. Kafin girar Barau ta dawo, har Ajingi an san shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta a kan abu ɗaya ba ta sa mutum ya san komai. In an ba ka amanar abin da ba shi da na biyu, ka tsaya ka yi tambaya, ka gwada a gefe kafin ka taɓa tsakiya. Kada kuma ka raina shawara don daga madafa ta fito. Abin da gaggawa ta lalata cikin minti biyar, nadamar shekaru ba ta mayar da shi.