Jinin Yara Arba'in da Biyu

Akwai wata mai bincike a Kafanchan, sunanta Beatrice, 'yar Kwoi. Shekara biyu ta yi tana bin ƙauyuka a kan mashin, tana roƙon iyaye su bari ta ɗibi jinin 'ya'yansu masu sikila. So take ta gano dalilin da ɗan zazzaɓi yake kayar da su. Ta tara na yara arba'in da biyu a firiza.

Aikin na buƙatar wani ruwa mai garin ƙarfe da ido ba ya gani. In an zuba shi a kwalbar jini, garin yakan manne wa ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, sai a kara maganaɗisu a jikin kwalbar ya jawo su gefe guda.

Ranar da ruwan ya iso, Baba Dogara, wani dattijo mai aiki a ɗakin gwajinta, ya ɗaga kwalbar ya duba.

"Madam, abin nan ya sha rana a mota, ga shi ya dunƙule. A fara gwadawa da jinina."

"Baba, ni na karanci aikin nan. Kai wankin kwalabe ka sani."

Ya ajiye kwalbar. Beatrice ta narkar da jinin gaba ɗaya, ta zuba masa ruwan.

Da ta kara maganaɗisu, garin ya taru shi kaɗai, bai riƙo komai ba. Kafin la'asar ƙwayoyin duk sun mutu.

Ta sake fita neman jini. Wasu iyayen suka ƙi. Bakwai cikin yaran kuwa sun riga sun rasu.

A kasuwar Zangon Kataf wata mai sayar da citta, Kubra, ta riƙe mata hannu.

"Likita, Zamzam ɗina ta rasu da damina. Kullum ina gaya wa babanta, ai jininta na wajenki, zai ceci 'ya'yan wasu. Me kuka gano?"

Beatrice ta ce, "Muna kan aiki, Mama."

Kubra ta yi ta sa mata albarka, har ta ƙulla mata citta a leda. Beatrice ta karɓa, ta yi kuka tun daga nan har Kafanchan. Ba ta ƙarasa binciken ba.

Darasi: Karatu ba ya hana ka sauraron na ƙasa da kai, musamman in amanar mutane ce a hannunka. Wata ɓarnar ba ta gyaruwa. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani zai tsaya ya saurara.