Kujerar Wani Bawan Allah

An ce wai a wani gari an yi wani attajiri, Alhaji Mudi Mai-Auduga, wanda injin gurzar auduga ya yi masa arziki, ƙurar audugar kuma ta cinye masa huhu. Ya kai ga ba ya iya gama Fatiha sai ya huta. Babban ɗansa Zayyanu ya kai shi wata ƙasa mai nisa, inda wani ɗan garinsu, Dakta Haladu, ya ƙware wajen dashen huhu. Aka cire nasa da ya lalace, aka dasa masa na wani da ya rasu. Alhaji ya dawo gida da ƙafarsa, ya ƙara shekaru.

Da ajali ya matso, sai ya yi waƙafin rumfunansa na kasuwa ga makarantar likitoci ta garin, a kafa abin da 'yan boko ke kira kujera. Ba ta katako ba ce. Muƙami ne na farfesa, wanda za a riƙa ɗaukar nauyinsa daga waƙafin, ya koyar da cutar huhu mai tsanani da aikin dashe, ya kuma duba talakawa. Dakta Haladu ya yarda zai dawo gida ya hau. Alhaji ya ce a gaban shaidu, "A sa wa kujerar sunan wanda ya ba ni numfashi." Bai ƙara ba, kuma ba wanda ya yi hankalin tambaya har ya rasu.

Suna linzami ne, amma shi ke jan maza zuwa rami. Zayyanu ya ce shi ake nufi, Dakta ya ce shi ake nufi. Zayyanu ya hana a taɓa waƙafin, Dakta ya ƙi fara aiki. Ɗakin da aka gyara don masu ciwon huhu ya zauna a kulle har damina ta zo ta wuce, ta sake zagayowa. Tsofaffin leburorin injin audugar kuwa, masu irin tarin maigidansu, suna zuwa suna komawa.

A ƙarshe aka kai maganar gaban wani tsohon alƙali, Malam Jatau, wanda ya ajiye aiki amma bai ajiye hankali ba.

Zayyanu ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na ɗauki Baba kamar jariri. Ni na kwana a ƙasan gadonsa. Shi wannan aikinsa ya yi, kuma an sallame shi."

Dakta ya ce, "Alhaji ƙarami, jinya ko kaka ta iya. Da kwana a ƙasan gado na warkar da huhu, ai da ba ku hau jirgi ba."

Malam Jatau ya bar su har bakinsu ya gaji. Sa'an nan ya ce, "Dakta, ja numfashi in gani." Dakta ya ja. "Kai ma, ɗana, ja." Zayyanu ya ja.

"To, na ga na kowa cif yake. Ni a sanina, abin da mutum ya bayar ya bar hannunsa. Zayyanu, kai ka ba da wahala, Allah ya saka maka. Dakta, kai ka ba da gwaninta, ga ta nan kuma ba ta ragu ba. Marigayi bai ce wanda ya yi jinyarsa ba, bai ce wanda ya ɗinke shi ba. Numfashi na Allah ne, amma ta ƙirjin wani bawa ya aiko masa da shi. Dakta, huhun wa ka dasa?"

Dakta ya sunkuyar da kai. "Wani saurayi ne da mota ta buge, Malam. Iyayensa suka yarda a ɗauka. Dokar can ba ta bari a faɗi suna. Ni ma ban sani ba."

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi," in ji Malam. "Zayyanu, a gidanku an taɓa yi wa yaron nan sadaka ko ta ƙosai? An taɓa sa iyayensa a addu'a?"

Zayyanu ya ce, "Malam, ai ba mu ma san addininsa ba."

"Huhunsa bai tambayi addinin ubanka ba. Shekaru ya yi yana ɗaga masa kabbara a sahun gaba. Ga hukuncina. Idan mutum ya yi alheri ba a san shi ba, ai muna da sunan da muke kiransa a masallaci da kasuwa. A rubuta a ƙofar: Kujerar Wani Bawan Allah. Wanda ya ga an tauye shi, ya kawo huhunsa ɗaya ya ajiye a nan, in rubuta nasa."

Ba wanda ya kawo. Aka buɗe ɗakin, Dakta ya hau kujera, Zayyanu ya saki waƙafi, kuma har suka riƙa gaisawa.

Sai dai da Dakta ya aika a kira masa leburorin nan ya fara da su, ɗan aiken ya dawo da uku kawai. Sauran an kai su makwanci tun ana gardamar suna. An ce da Malam Jatau ya ji labari cewa ya yi, "Hukuncin da ya zo bayan jana'iza, ta'aziyya ce." Da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Ku da ke rububin a kira sunanku a kan alheri, ku riƙe wannan: sau da yawa wanda ya fi kowa bayarwa ba ya wurin ranar godiya, wanda ya fi kowa buƙata kuma ba ya iya jiran ku gama rabon yabo.