Ƙodar Maƙwabci

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai suna Haladu, a wani gari da ba sai na ambata ba. Ƙodarsa ta lalace, 'yan'uwa kowa ya noƙe. Sai maƙwabcinsa Tasi'u, mai wankin hula, ya ce a cire tasa guda a dasa masa. Aka dasa, Haladu ya miƙe garau.

To ku saurara. Likita ya ce masa jiki kan ɗauki sabuwar ƙoda a matsayin baƙuwa, ya yaƙe ta a ɓoye. Don haka magani safe da yamma ba fashi, kuma a riƙa ɗibar jini ana aunawa, domin jini kan nuna alama tun kafin mutum ya ji ciwo.

Wata rana suka je awo da wansa Mudi. Likita ya duba, ya ɗaure fuska.

"Malam Haladu, jikinka ya fara yaƙar ƙodar nan. Kana shan magani kan lokaci?"

Kafin ya buɗe baki, Mudi ya yi caraf: "Haba likita! Wannan ai ba ya fashi."

Haladu ya yi shiru. Jama'a, shirun nan shi ne masifar! Ashe azumin godiya yake yi a ɓoye, Litinin da Alhamis, maganin safe kuwa sai an sha ruwa. Ko matarsa ba ta sani ba, don a kasuwa yake wuni.

Likita ya ƙara magani, suka dawo gida. Mudi kuwa ya kasa zaune. Mutum lafiya lau, a ce jikinsa na korar ƙoda? Anya? Ya ce ai Tasi'u ba da zuciya ɗaya ya bayar ba. Kafin mako, magana ta zama ya yi da-na-sani. Kafin wata, wai an gan shi ƙofar boka yana neman ƙodarsa ta dawo. Wa ya gan shi? Oho! Aka daina kai masa hula, aka daina amsa sallamarsa. In ya dafa kwiɓi don gajiya, sai a ƙyafta ido.

Abin ya ci Haladu a rai ƙwarai. In ya faɗa, asirinsa da Ubangijinsa ya tonu, kuma a ce masa wawa. In ya yi shiru, mutuncin wanda ya yanka jikinsa dominsa ya zube.

Ranar nan, ana sallame La'asar, Haladu ya miƙe a cikin masallaci.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah game da Tasi'u. Ni ne mai laifi. Azumi nake yi, ina tsallake magani. Na ji ana yi da shi, kunya ta hana ni magana."

Mudi ya sunkuyar da kai. Tasi'u ya taso daga sahun baya, idonsa ya kawo ruwa.

"Malam, ni ban ji zafin maganar mutane kamar wannan da ka faɗa yanzu ba. Na ba ka don ka rayu ne. Don Allah, sha maganinka."

'Yan'uwa, ibadar da za ta lalata amanar da aka ba ka, ka tambayi masani kafin ka fara. Gaskiyar da za ta wanke ɗan'uwanka kuma, faɗe ta ko da kai za ta kunyata. Likita ma sai da ya auna jini kafin ya yi magana, mu kuwa muna yanke wa mutum hukunci da "wai". Kowannenmu akwai wanda ya daina amsa wa sallama a kan zato. In mun tashi daga nan, a je a nemi gafararsa.