Rawanin Malam Barau da Dakarun Birnin Jiki

Da sunan Allah muke farawa. Ku gyara zama, 'ya'yan albarka, ku ji dalilin da ya sa dakarun da Ubangiji Ya ajiye a cikin jikin ɗan Adam domin su tsare shi, wani lokaci su ne ke juyowa su rufe ɗan gida da duka, har gaɓa ta kumbura ta yi zafi alhali ba a faɗi ba, ba a buge ba. Hikaya ce irin ta buga misali, Allah ne Masanin haƙiƙa.

A can farkon zamani, jiki birni ne mai zaman lafiya. Mazaunansa su ne waɗanda likitoci ke kira furotin, kowannensu dogon zare ne da Mahalicci Ya naɗe da irin nasa naɗin: wani kamar gammo, wani kamar kitso, wani kamar igiyar guga. Birnin kuwa duhu ne, ba rana ba fitila, saboda haka dakarunsa da hannu suke aiki. Ba sa karɓar shaidar murya, domin ɓarawo ma ya iya sallama. Siffa suke lalubawa.

Suna da wata al'ada da ake kira ranar shafa. Kafin a ba sababbin dakaru sanda, duk mutanen gari sai su zo su zauna, kowa ya tuɓe abin da ke kansa, a shafa shi lungu da saƙo. Duk dakaren da hannunsa ya yi marmarin damƙar ɗan gari, nan take a sallame shi. Ta haka ba a taɓa samun wanda ya daki nasa ba.

A unguwar Gwiwa akwai wani dattijo, Malam Barau, wanda aikin zuriyarsa shi ne shimfiɗa tsakanin ƙashi da ƙashi kada su goga juna. Yana da rawani na zare uku da aka murɗe su wuri guda, aka yi ta maimaita murɗin, hawa kan hawa, har sai da ya sunkuya yake shiga zaurensa. Abin da ba wanda ya sani sai matarsa Delu shi ne, kan da ke ƙarƙashin wannan gini bai wuce goruba ba, ga sanƙo, ga wani ƙululu a ƙeya. Mu masu rawani mun san wannan hali: sau da yawa yadin ya fi karatun tsawo.

Da ranar shafa ta zo, Delu ta ce masa, "Malam, yau dai sai haƙuri. Ka warware a shafa a wuce wurin."

Ya ce, "Ke, rufa mini baki. Kina so ɗalibaina su ji labarin abin da ke ƙeyata, gobe in ɗaga murya a gaban allo su riƙa danne dariya?"

"To ai duhu ne, Malam, wa zai gani?"

"Hannu ya fi ido surutu."

Ya isa dandali a ƙarshen mutane, yana jan carbi da ƙarfi don a ji. Shugaban dakaru, Barde Makau, ya durƙusa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, a sauke mana rawani yara su sa albarka."

Malam Barau ya yi gyaran murya ya ce, "La yajuzu! Bai halatta ba. Na bincika mas'alar, na tarar malamai sun kasu gida uku, kuma dukansu ni suka goya wa baya. Rawanin malami ba ya sauka a gaban mai sanda."

Barde ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, limamin unguwar Zuciya ma ya sauke nasa ɗazu."

"Shi ya san abin da ya karanta. Ku shafa daga waje, ai zahiri alamar baɗini ne."

Barde Makau mutum ne mai jin nauyin malamai, kuma Larabcin ya fi ƙarfinsa. Ya umarci dakaru suka shafa murɗin rawanin daga waje, suka haddace shi, aka tashi. Malam ya koma gida yana ce wa Delu, "Kin ga amfanin ilimi?" Ita dai ta ci gaba da tankaɗenta.

Aka daɗe ana zaune lafiya. Sai wata shekara baƙin ƙwayoyin cuta suka kutso birnin. Aka buga gangar yaƙi, aka hura wutar zazzaɓi domin a ƙona maƙiya, gari ya ɗau zafi tun daga Ƙoƙon Kai har Tafin Ƙafa. Dakaru suka bazu kowace unguwa suna lalube, abin da hannu bai sani ba a damƙe.

Malam Barau ya fito ƙofar gida yana ba mutane fatawar haƙuri. Gumi ya jiƙa shi, zafi ya sassauta murɗin nan, zaren farko ya zame, na biyu ya bi shi, rawani ya sulale ya taru a wuyansa. Kafin ya kai hannu, wani dakare ya riga shi. Ya shafa sanƙo, ya gangara ƙeya, ya ci karo da ƙululu. Tunda aka ba shi sanda bai taɓa jin irin wannan siffa ba.

Ya ƙwala ihu, "Ga baƙo! Ga babbansu ma, har da ƙaho!"

"Kai, marar kunya, ni ne Malam Barau! Ni na raɗa wa ubanka suna!"

"Duk haka suke cewa, baba," in ji dakaren, ya sauke masa sanda.

'Yan'uwansa suka yi caa a kansa. Da yake murɗin rawanin maimaici ne, kowane hawa kamar na ƙasansa, sai kowa ya samu wurin riƙo, ba wanda ya jira wani. Malam ya fara da istigfari a Larabce, ya koma salati, daga ƙarshe aka ji shi da Hausa tsantsa yana kiran, "Delu! Wayyo Delu, ki zo ki shaide ni!" Unguwar Gwiwa ta cika da jama'a da ruwa da zafi, har ta kumbura.

Delu ta ruga ta kira Barde Makau. Da ƙyar ya janye yaransa. Malam yana zaune a ƙasa, kai a waje, kowa ya riga ya ji labarin ƙululu. Ya ce, "Barde, na janye fatawata. Ga kan nan, a shafa, a shafa har a gaji."

Barde ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, bakin alƙalami ya bushe. Shafa kafin a ba da sanda ake yin ta. Dakaren da ya riga ya damƙi wata siffa a ranar yaƙi ba ya mance ta, kuma 'ya'yan da zai haifa da irin hannunsa za su zo. Abin da ya fi muni, sun riƙe rawanin tare da kan, yanzu murɗin ma sun sa shi cikin maƙiya."

"To 'ya'yana da jikokina fa? Duk irin naɗina suke yi, a Gwiwar Hannu, a Yatsu, a Idon Sawu."

Barde ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da zan iya shi ne in riƙa lallashinsu su kwanta. Amma duk ranar da gari ya motsa, ban ɗaukar maka alkawari ba."

Delu ta kama shi ta miƙar, tana cewa, "Sannu, Malam. Da ka bari an yi dariyar yini ɗaya."

Ya ce, "Ke ba ki fahimci mas'alar ba. Hassada ce kawai." Ya sake naɗa rawaninsa, ya ƙara masa hawa biyu.

To shi ya sa har wa yau, a jikin wasu bayin Allah, dakarun gida ke farautar zuriyar Malam Barau: a yi kwanaki lafiya, sai a wayi gari gaɓɓai sun kumbura sun yi zafi. Shi ya sa kuma masana, idan suna neman wanda ake duka a irin wannan ciwo, siffar naɗinsa suke dubawa, da abin da ya ɓoye a ciki a ranar shafa. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi. Yanzu wani ya kama hannuna in miƙe, an kira salla, kuma kada in ji wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashin nawa rawanin.